Yadda Ake Zaɓen Manhajar Haɗa Hotuna Su Zama Bidiyo Mai Tafiya Sumul, Babu Fizga

Daga watan Nuwamba zuwa farkon sabuwar shekara, da wuya Asabar ta wuce a Barnawa, Narayi, Sabon Tasha ko Kakuri ba a ji kiɗan biki ba. Kuma yanzu biki ba ya cika sai da ɗan bidiyon hotuna: hoton amarya tana 'yar firamare, na ango da kakin bautar ƙasa, sai na kafin aure, a jera su, a sa musu waƙa, a haska a holin biki ko a ɗora a sitatus na WhatsApp. Haka ake yi wa mai bikin zagayowar ranar haihuwa, da ɗalibar da ta sauke Alƙur'ani a Nasarawa, da ƙungiyar mawaƙan coci a unguwar Television, da kuma mamacin da iyalansa ke son a tuna da shi. Aikin kuwa yakan faɗa hannun yaro ko yarinyar da aka fi sani da iya danna waya a gidan.

Abin da ke faruwa bayan nan sananne ne. Mutum ya raba dare yana jera hotuna, da ya fitar da bidiyon sai ya ga suna tafiya suna fizga, fuskoki sun dushe, ga wani tambarin kamfani zaune daram a kusurwa. Sai ya ɗora wa manhajar laifi, ya goge ta, ya sauke wata, data ta ƙare, matsala tana nan. Gaskiyar magana ita ce, yawan kwalliyar da manhaja ke da ita ba shi ke sa hoto ya tafi sumul ba. Abin dubawa shi ne ko manhajar tana barin mai aiki ya faɗa mata inda motsi zai fara, inda zai tsaya, da irin gudun da zai yi a tsakani. Sauran aikin yana wuyan hoton kansa da kuma yadda aka fitar da bidiyon.

Me ke motsi a hoton da ba ya motsi?

Hoto dai ba ya motsi. Tagar da ake kallonsa ta cikinta ce ke tafiya. A ɗauka an huda 'yar taga a jikin kwali, aka kifa kwalin a kan babban hoton iyali, aka riƙa jan sa a hankali daga fuskar kaka zuwa ta jika. Wanda ke kallo ta tagar zai ga kamar kyamara ce ke zagaya mutanen. Wannan shi ne duk sirrin.

Ana kiran dabarar da sunan Ken Burns, wani Ba'amurke mai shirya finafinan tarihi. A 1990 ya fitar da dogon shiri a kan yaƙin basasar Amurka, yaƙin da aka gwabza tsakanin 1861 da 1865, kafin a ƙirƙiro kyamarar fim. Babu bidiyon yaƙin ko na daƙiƙa ɗaya, sai tsofaffin hotuna. Ya riƙa bi ta kansu da kyamara sannu a hankali, yana zuƙo idon soja ko hannun da ke riƙe da bindiga, har mai kallo ya manta hoto yake gani. Ba shi ya fara ba, domin wani fim na ƙasar Kanada mai suna City of Gold ya yi irin wannan tun 1957. Amma da kamfanin Apple ya saka dabarar a manhajarsa ta iMovie a 2003 ya laƙaba mata sunan Burns, sai sunan ya bi ta har yau.

Shi kuwa bidiyo, hotuna ne da ake jerowa da sauri, kowane ɗaya ana ce masa firem. Yawancin bidiyon waya firem 30 ne a kowace daƙiƙa. Ke nan idan aka ba hoto guda daƙiƙa 5 yana matsowa, manhaja za ta zana shi sau 150, kowane zane ya ɗara na bayansa kusanci da ɗan abin da bai kai a lura ba. Idan matakan nan sun yi daidai da juna kuma ƙanana ne, ido yana ganin tafiya sumul. Idan wasu sun ɓace, ko an maimaita wasu, ko gudu ya yi yawa har tazarar da ke tsakanin firem da firem ta yi faɗi, nan ne ake ganin fizga. Masu ɗaukar fim suna da wata tsohuwar ƙa'ida: idan ana juya kyamara gefe, kada abu ya ratsa allo daga wannan baki zuwa wancan a ƙasa da daƙiƙa bakwai. Matashin da ke jan hoton 'yan rakiyar amarya su goma sha biyu daga hagu zuwa dama cikin daƙiƙa biyu ya karya wannan ƙa'ida, kuma babu manhajar da za ta cece shi.

Turken motsi: abin da za a fara dubawa

A cikin manhajojin tace bidiyo akwai wata 'yar alama mai siffar lu'ulu'u, sau da yawa da alamar tarawa a jikinta. Masu sana'ar suna ce mata kifirem. A Hausance za a iya kiranta turken motsi, domin aikin turke take yi. Mutum zai je farkon hoton ya kafa turke, wato ya ce a wannan lokaci ga girman hoton ga kuma inda yake zaune. Sai ya tafi ƙarshensa, ya ɗan buɗa hoton da yatsu biyu ya matso da fuskar da yake so tsakiya, turke na biyu ya kafu. Duk abin da ke tsakanin turakun biyu manhaja ce za ta lissafa ta cike. Manhajar da ba ta da wannan alama, sai dai motsin da kamfani ya riga ya shirya, ba ta san inda fuska take a hoton ba. Shi ya sa ake ganin bidiyon da ke zuƙo cikin ango maimakon idonsa, ko ya yanke wa amarya rabin ɗaurin kai.

Sai dai turke kaɗai bai wadatar ba. Duk wanda ya saba shiga bas daga Sabo zuwa Kasuwa ya san direbobi iri biyu ne. Akwai mai fizgar mota da zarar kwandasta ya buga ƙofa, ya kuma taka birki lokaci guda a Station, fasinja na gware da kujerar gaba. Akwai kuma mai tashi a hankali, ya ɗauki gudu, ya fara sassautawa tun kafin ya isa inda zai tsaya. Nisan da suka ci ɗaya ne, lokacin ma kusan ɗaya, amma jiki ya san bambanci. Haka ido yake. Idan aka bar manhaja da kanta, yawanci za ta tafi da hoto a gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, ta tashi kwatsam ta tsaya cak. Manhaja mai kyau tana da wani wuri, kusa da alamar turken, inda aka zana layuka masu lanƙwasa. Zaɓen layin da ya kwanta a farko, ya miƙe a tsakiya, ya sake kwantawa a ƙarshe, shi ke mai da manhajar direba na biyu. Wannan ɗan layin ya fi duk wata kwalliyar walƙiya da tartsatsin wuta amfani, amma shi aka fi tsallakewa.

Game da yawan motsin, kaɗan ya fi. Hoto ya tashi daga girmansa na asali ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a daƙiƙa huɗu ko biyar, ya isa. Kuma kada wannan ya matso, na gaba ya ja baya, na uku ya yi hagu, na huɗu ya juya kamar fanka. Dattawan da ke zaune a layin gaba a holin biki jiri za su ji. A mahaɗar hoto da hoto ma, narkewar rabin daƙiƙa, inda ɗaya ke ɓacewa ɗaya na bayyana, ta fi dacewa da irin wannan motsi a kan jujjuyawa da tsalle-tsalle.

Manhajojin da ke hannun matasa

CapCut ce ta fi yawa a wayoyi, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda ta kamfanin ByteDance ce, mai TikTok, wanda ya fito da ita kasuwar duniya a 2020. Tana da turken motsi, tana da layukan gudu, tana iya gano bugun waƙa ta sa alama a kai. Tambarinta yakan zo ne a matsayin ɗan gutsure a ƙarshen bidiyo, wanda ake iya gogewa. Inda take ba mutane haushi shi ne abubuwan da aka rubuta wa Pro. Za ta bari a yi amfani da su, a gama aiki tsaf, sai an zo fitarwa ta ce a biya ko a cire. Abubuwa da dama da a da kyauta ne sun koma can. Don haka mai amfani da ita ya riƙa duba wannan 'yar alama kafin ya taɓa kowace kwalliya. Akwai kuma batun sharuɗɗanta da aka sabunta a tsakiyar 2025, waɗanda suka jawo ce-ce-ku-ce saboda faɗin izinin da suke ba kamfanin a kan abin da aka ɗora a rumbunsa na intanet. Wanda aka damƙa wa hotunan amaryar wani ko na 'ya'yan mutane, ya fi masa alheri ya yi aikinsa a cikin waya, ya bar ɗora su can.

Zubin da aka riga aka shirya a CapCut, wanda ake ce wa tamfilet, yana da daɗi ga mai sauri: a zuba hotuna goma, minti biyu an gama. Amma gudun da ke ciki na wani ne, an yi shi ne don waƙar wani da hotunan wani, kuma rabin unguwa sun riga sun yi amfani da shi. Don sitatus na barka da Juma'a ko barka da Lahadi babu laifi. Don bikin da ba za a maimaita ba, bai kamata ba.

VN ba ta kai CapCut suna ba, amma ga wannan aiki na musamman da wuya a samu wadda ta fi ta sauƙin kai. Tana da turken motsi, tana fitar da bidiyo babu tambari a jikinsa, kuma fuskarta ba ta cika da tallan kwalliya ba. Ga wanda zai jera hotuna 40 ko 50 ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta fi cancanta a fara gwadawa.

KineMaster tsohuwar hannu ce, daga Koriya ta Kudu, tana Android tun 2013, kuma da ita da yawa daga masu barkwancin Facebook da YouTube na Arewa suka koyi aiki. Tana da wani tsari mai sauƙin fahimta ga hotuna: a nuna mata matsayin farko, a nuna mata na ƙarshe, ita ta yi tafiyar. Aibinta guda, ta kyauta tana manna tambarinta a kusurwa daga farkon bidiyo har ƙarshe. InShot kuwa ta gajeren aiki ce, hoto biyar zuwa goma da rubutu da waƙa, kuma akan iya cire tambarinta ta hanyar kallon talla.

Alight Motion daban take. A fagen sarrafa lanƙwasar gudu ta fi sauran zurfi, domin mutum zai iya kama layin da yatsa ya tanƙwara shi yadda yake so, ya kuma ƙara ɗan dishi-dishin da ke sa abu mai gudu ya yi kama da wanda kyamara ta ɗauka. Da ita ake yin yawancin bidiyoyin 'yan ƙwallo da ke tafiya da bugun kiɗa. Sai dai koyonta na cin lokaci, tana wahalar da ƙaramar waya, ta kyauta kuma da tambari take fitowa. Matashin da ke son mai da tace bidiyo sana'a ya dace ya koye ta, amma ba a daren jajibirin biki ba.

Kamfanin Meta ma ya shigo fagen da manhajar Edits a watan Afrilun 2025, wadda ke fitar da bidiyo babu tambari, sai dai sai da asusun Instagram ake shiga, kuma an gina ta ne don gajerun bidiyo na tsaye. Mai kwamfuta kuwa yana da Clipchamp da ke zuwa tare da Windows 11, da kuma DaVinci Resolve, wadda ta kyautarta ma ta ƙwararru ce, amma ba ta tafiya a tsohuwar laftof mai ƙaramin ƙarfi.

Akwai wata kwalliya da ke ɗaukar ido, wadda ke raba mutum da bayansa ta motsa su daban-daban, har hoto ya yi kamar yana da zurfi. CapCut na da ita, Google Photos ma ya fara yin irinta tun ƙarshen 2020. Tana kyau a hoton mutum ɗaya da ke tsaye a fili. A hoton taro, ko inda akwai gwaggwaro, mayafi mai shara-shara ko hular da launinta ya saje da bango, sai ta yanke gefen kai ta bar wani miƙaƙƙen tabo yana bin mutum. A yi ta sau ɗaya ko biyu a bidiyo, a kuma duba gefen kai da kyau kafin a bar ta.

Hoton da ya biyo ta WhatsApp

A nan ne yawancin bidiyoyi ke lalacewa tun kafin a buɗe manhaja. Hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel. Bidiyo mai ingancin 1080 na tsaye, irin na sitatus, yana da fiksel 1080 a faɗi da 1920 a tsayi. Hoton da waya ta ɗauka mai megafiksel 12 yakan kai 4000 a faɗi da 3000 a tsayi. Idan aka sa shi a bidiyon tsaye, akwai rarar da za a zuƙo shi har ninki ɗaya da rabi bai dushe ba. A bidiyon kwance, irin na talabijin, rarar ta kai ninki biyu.

To amma hotunan biki ba daga kyamara suke zuwa kai tsaye ba. Ƙanwar amarya ce ta tura wa ƙawarta, ita kuma ta jefa a guruf, daga nan mai haɗawa ya sauke. WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ya mai da dogon gefensa wajen fiksel 1600. Hoton kwance ya koma 1600 da 1200 ke nan. Kafin ya cika tsayin 1920 sai an ja shi fiye da ninki ɗaya da rabi, tun ba a fara zuƙowa ba. Da motsi ya fara, sai fuska ta zama kamar an shafa mata man kaɗanya a gilashi. Wanda aka ɗauko ta hanyar hoton allo daga sitatus ɗin wani ya fi wannan muni.

Maganin ba ya cin ko kwabo. A roƙi masu turowa su aiko da hoto a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, domin ta nan WhatsApp ba ya taɓa shi. In hakan ya yi musu wuya, su danna alamar HD da aka ƙara a 2023. In suna kusa, Xender ko kebul ya fi. Mai ɗaukar hoton biki kuma a karɓi nasa a filash.

Tsofaffin hotuna na takarda su suka fi cancantar wannan wahala. Kudancin Kaduna gari ne da masaƙu suka gina. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Mutane suka taho daga ko'ina a Arewa da ma Kudu suka zauna a Kakuri, Makera da Nasarawa. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, amma a gidaje da yawa har yanzu akwai albam: baba da kayan aiki a bakin get, mama ranar aure da baƙin gilashi, 'yan ƙungiyar ƙwallon ma'aikata sun durƙusa a layi. Sau tari hoton nan guda ɗaya ne a duniya, danshin damina da ƙurar hunturu kuma suna cin sa a hankali. Idan jika zai sa shi a bidiyon tunawa ko na cikar shekara 70, damar adana shi ce ta zo.

Hanya mafi kyau ita ce a kai shi shagon kwamfuta mai na'urar sikana, a ce a ɗauke shi a kan 600, ba 300 da suka saba yi wa takardun makaranta ba. Hoto mai inci 4 da 6 a kan 300 zai fito 1200 da 1800 ne kawai, wanda bai bar wurin zuƙowa ba. A kan 600 zai ba da 2400 da 3600. In babu sikana, a fita da hoton baranda da safe, a inuwa, a kashe filashin kyamara, a goge gilashinta, a riƙe waya daidai saman hoton ba a karkace ba. A zare shi daga ledar albam, sai dai in ya manne, to a bar shi, kada a ɓanɓare fuskar mutum. Manhajar PhotoScan ta Google, wadda ta fito a 2016, tana ɗaukar hoto daga kusurwoyi da dama ta haɗe su don kawar da ƙyallin haske.

Sai a yi hattara da manhajojin gyara fuska irin su Remini. Ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙira suke yi bisa hasashe. Sukan iya sauya ƙirar ido, su daidaita haƙoran da ke da wushirya, ko su ɗauki tsagar gado a kumatu a matsayin ƙarzanar takarda su share ta. Jikan da bai san marigayin ba zai ga hoto ya yi fes. Matarsa da ta zauna da shi shekara arba'in za ta ga baƙo a allo. Kafin a saka hoton da aka gyara, a nuna wa wanda ya san mai shi.

Ƙarfin wayar da za ta ɗauki aikin

Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, su suka fi yawa a hannun matasa, sai Redmi da ƙananan Samsung. Idan aka ga an rubuta RAM 4+4 a kwali, huɗun farko ne na gaske. Na biyun aro ne daga ma'adanar waya, kuma bai kai na ainihi sauri ba. Waya mai 4 za ta iya bidiyon hotuna na minti uku a 1080 a VN, CapCut ko KineMaster, muddin an rufe sauran manhajoji kuma akwai sarari a ma'adana. Mai 2 ko 3 gara ta tsaya a 720, a kuma raba aikin gida biyu a haɗe daga baya.

Wani abu da ke ruɗar sababbin shiga shi ne fizgar da ake gani lokacin da ake cikin aiki. A sa'ilin waya tana ƙoƙarin zana komai nan take ne, sai ta gaza ta riƙa tsallake firem. Wajen fitarwa kuwa a nutse take zana su ɗaya bayan ɗaya. Don haka ba a yanke wa manhaja hukunci sai an kalli abin da ta fitar. Zafi ma na rage wa waya gudu, saboda haka fitar da bidiyo tana jone da caji a cikin ɗaki mai zafin watan Maris ba dabara ba ce. A cika batir tun da wuta, a cire rigar wayar, a ajiye ta ta yi aikinta.

Sannan ga jarabar nan ta manhajar da aka fasa, wadda ake turawa ta Xender ko Telegram da sunan Pro kyauta. Babu wanda ya san abin da mai fasawar ya cusa a ciki, kuma tana neman izinin shiga hotuna da fayilolin waya gaba ɗaya. Wayar nan dai ita ce mai ɗauke da manhajar banki, da OPay ko Moniepoint, ita ke karɓar lambobin sirri ta saƙo. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma tunda akwai masu fitarwa babu tambari a halal, kasadar ba ta da dalili. Wanda ya shiga gwajin kyauta na kwana bakwai kuma ya tuna cewa da kansa yake sabuntawa ya ciri kuɗi, sai in an soke shi a Play Store.

Wajen fitarwa

Tun kafin a saka hoton farko ake yanke shawarar inda za a kalli bidiyon. Na sitatus, TikTok da Reels tsaye ne, 9:16. Na talabijin da majigin holi kwance ne, 16:9. Sauya wannan bayan an gama yana watsa duk turakun da aka kafa, don haka mai buƙatar biyun ya yi aiki biyu. WhatsApp ya ƙara tsawon bidiyon sitatus daga daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya a 2024, wanda ke ɗaukar hotuna 12 zuwa 15 in ana ba kowanne daƙiƙa huɗu ko biyar.

Firem 30 a daƙiƙa ya wadatar ga motsi mai sanyi. Firem 60 ya fi santsi idan akwai jan hoto gefe da yawa, amma fayil zai yi nauyi, kuma dandalin da aka ɗora shi zai sake matse shi ko ta yaya. Abin gudu shi ne cakuɗawa. Idan akwai guntun bidiyon da waya ta ɗauka a 30 a cikin aikin, sannan aka fitar a 24 ko 25 don a ji wai ya fi kama da fim, manhaja za ta riƙa zubar da wasu firem, fizga ta dawo.

Nauyin bidiyo kuwa lissafi ne mai sauƙi. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080 mai firem 30. Wannan ya kama megabait 60 a minti ɗaya, 180 a minti uku. Na 4K ya ninka haka fiye da sau huɗu, alhali a fuskar waya ba za a ga bambanci ba. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, tura wa dangi talatin bidiyon 4K zalunci ne ga aljihunsu. A ɗaya ɓangaren kuma, rage nauyin fiye da kima yana sa zanen atamfa, leshi da aikin wuyan babbar riga su riƙa ƙyalƙyali suna rawa yayin da hoton ke motsi. In an ga haka, a ɗaga nauyin kaɗan ko a rage gudun.

Idan manhaja ta ba da zaɓi tsakanin H.264 da HEVC, na farkon ya fi aminci, domin tsofaffin talabijin da yawa ba sa karanta na biyun daga filash. Waƙa kuma, in ta Ali Jita ce ko Umar M. Shareef ko Solomon Lange, babu mai hana kunna ta a holi, amma Facebook, Instagram da YouTube suna da na'urar gane waƙoƙin da aka yi wa rajista, kuma suna iya kashe sautin bidiyon ko su toshe shi. Sauya hoto a kan bugun ganga yana ƙara wa ido jin cewa komai na tafiya daidai: waƙa mai bugu 120 a minti tana ba da bugu takwas a kowace daƙiƙa huɗu, wanda ya yi daidai da zaman hoto guda.

Kafin a zuba hotuna hamsin a kowace manhaja, akwai gwajin da bai wuce minti goma ba. A ɗauki hotuna uku: na mutum ɗaya, na taro, da tsoho na takarda. A ba kowanne daƙiƙa biyar, a kafa turaku, a zaɓi layin gudu mai lanƙwasa, a fitar a 1080 da firem 30. A duba ko an nemi kuɗi, ko tambari ya fito, da tsawon lokacin da wayar ta ɗauka. Sannan mutum ya tura wa kansa ta WhatsApp, ya kuma kalla a wayar wani wadda ba ta kai tasa ba, tunda a irinta yawancin dangi za su gani. In don holi ne, a kai filash ɗin tun ana gobe biki a jona a talabijin ko majigin da za a yi amfani da shi, a kuma bar kwafi na 720 a waya tare da kebul, ko da na'urar mai kiɗa ta ƙi karanta na farkon.